Yadda Ake Gudun Rabin Fanfalaki da Gajiyar Aikin Gida a Jiki

Yawancin masu shiga gasar gudu a wajenmu ba gudun ne sana'arsu ba, shi ya sa ba abin mamaki ba ne mutum ya wuni ranar Alhamis yana haƙa ramin shuka da diga, yana tura baro cike da yashi ko yana yashe kwata, alhali ranar Asabar da sassafe kilomita 21 da 'yan kai suna jiransa. Gasar da aka yi a Kaduna a watan Nuwamban 2020, alal misali, ta faɗo ne a tsakiyar kaka, lokacin da mai gona ba ya iya ce wa dawa ta jira shi. Ana iya kammala wannan gudu da gajiya a jiki, amma da sharaɗin a sauya shiri tun kafin a isa wurin tashi.

Abu na farko shi ne ka bambance gajiya da rauni. Tsamin jiki na aikin ƙarfi ba ya bayyana sosai a ranar aikin, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kaiwa maƙura, don haka wanda ya yi huɗa ranar Alhamis zai iya tashi ranar gasa ya ji ƙugunsa da bayan cinyoyinsa sun fi na jiya nauyi. Irin wannan tsami yakan game ɓangarorin jiki biyu, kuma yakan sassauta idan jiki ya ɗumama. Ciwon da ya tsaya wuri guda, wanda za ka iya nuna shi da yatsa, ko wanda yake sa ka ɗingishi, ko yake saukowa daga gadon baya zuwa ƙafa kamar jan lantarki, wannan rauni ne, kuma shawarata ita ce ka haƙura da gasar. Haka nan idan fitsarinka ya koma kalar baƙin shayi bayan aikin, asibiti za ka nufa, domin alama ce da kan nuna tsoka ta lalace har abin ya fara taɓa ƙoda.

Ranar jajibiri ta hutu ce da cin abinci. Aikin fartanya da shebur yana cinye ajiyar sukarin da ke cikin tsoka, wadda ita ce guzurin mai gudu, kuma jiki yana buƙatar kusan awa 24 na cin abinci mai sitaci kafin ya mayar da ita. Shinkafa, tuwo, dankalin Hausa, taliya da kunu sun wadatar, a ci kaɗan-kaɗan tun daga safe maimakon a cika ciki da dare, a kuma rage yaji, mai da wake. Wanda ya yi gumi a rana ya zubar da gishiri, saboda haka ruwa zalla bai isa ba. A dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa har fitsari ya yi haske.

Ina jan kunne a kan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, domin na san da yawa suna haɗiyarsu da asuba don su danne tsamin jiki. Haɗuwarsu da ƙishirwa da doguwar wahala nauyi ne a kan ƙoda, sannan suna rufe bakin ciwon da ya kamata ya faɗa maka ka tsaya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kilomita biyar na farko. Da an busa usur jama'a za su kwasa, jiki ya yi zafi, gajiyar ta ɓuya har ka zaci ta tafi, alhali tana nan tana jiranka a wajen kilomita na 14 ko na 15. Idan ka saba yin kilomita ɗaya a minti 6, wato ka gama a awa 2 da kusan minti 7, to ka fara da minti 6 da rabi. Ko da haka ka tafi har ƙarshe, awa 2 da minti 17 za ka yi, asarar minti goma ke nan, wadda ba ta kai ta wanda ƙafarsa ta ɗaure ya zauna a bakin titi ba. Ma'aunin da ya fi agogo gaskiya shi ne numfashi: muddin ba za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa.

Mai gajiyar sunkuyo yakan fara ranƙwafawa bai sani ba, kafaɗunsa su hau sama, hannayensa su dunƙule kamar har yanzu yana riƙe da ƙotar fartanya. A duk allon kilomita ka ɗaga ƙirji, ka saki hannaye su yi lilo, ka gajarta taku, musamman a gangara, inda gaban cinya yake shan duka. A kowane teburin ruwa ka yi tafiyar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya kana sha a natse, tun kafin jiki ya tilasta maka. Ka sa dabino 'yan ƙwayoyi a aljihu, waɗanda ka cire wa ƙwallo tun a gida, ka fara ci bayan minti 40, sannan ka riƙa ƙarawa duk bayan minti 20 ko 30.

Idan ka wuce kilomita na 16 kana jin sauran ƙarfi, a nan ne za ka iya ƙara wuta kaɗan. Idan kuwa jiri ya kama ka, ko tsikar jikinka ta tashi cikin zafin rana, ko ka ji tunaninka yana rikicewa, ka tsaya nan take, ka nemi inuwa, ka sa a kira maka jami'an lafiyar gasar.