Yadda Ake Yi wa Mai Zane Gyara a Intanet, da Yadda Mai Zane Yake Karɓar Gyara

Duk wanda ya daɗe a zaurukan masu zane da kwamfuta ko waya, a WhatsApp ne ko Facebook ko Instagram, ya san abin da ke biyo baya idan matashi ya ɗora aikin da ya kwana uku yana fama da shi. Mutum ashirin za su rubuta "Ma sha Allah", goma su ce "Allah ya ƙara basira", sai wani guda ya ɓullo ya ce "wannan ai bai yi ba", ya yi tafiyarsa. Addu'a abu ce mai kyau kuma mai zane yana buƙatarta, sai dai zai ajiye wayarsa bai san inda ya dace ba, bai san inda ya kuskure ba, gobe kuma ya maimaita kuskuren jiya. Kunya da kara sun hana masu yabo faɗin abin da idonsu ya gani, shi kuwa mai kushe bai tsaya ya nuna komai ba. Gyaran da ke amfanar mai zane shi ne wanda ya ɗora yatsa a kan wani wuri takamaimai a cikin zanen, ya faɗi dalili, sannan ya bar wa mai aikin hukunci.

Idan kai ne mai neman gyara

Rabin aikin yana hannunka tun kafin kowa ya ce uffan. Kada ka ɗora hoto ka rubuta "ya kuka gani?" kawai, domin wannan tambaya yabo take kira. Ka faɗi abin da kake son zanen ya yi, da matakin da yake, da wurin da ya fi damunka. Misali, ka rubuta cewa wannan bangon littafi ne da za a buga, cewa ka gama zayyanar farko amma ba ka shiga launi sosai ba, kuma hannun dama na matar da ke riƙe da tulu ya ƙi zama daidai. Wanda ya karanta haka ya san inda zai duba, ya kuma san cewa har yanzu akwai damar sauya tsarin zanen gaba ɗaya. Lokacin neman gyara mafi amfani shi ne tun aikin yana ɗanye, domin idan ka riga ka kashe awa goma sha biyar a kan adon wuyan riga, ranka ba zai so jin cewa kafaɗar da rigar ke kai ta karkace ba.

Ka ambaci manhajar da kake amfani da ita. Shawarar da ta dace da mai Photoshop a kwamfuta ba lallai ta yi wa mai ibisPaint a ƙaramar waya aiki ba, haka mai Krita da mai CorelDRAW ba hanya ɗaya suke bi ba. Sannan ka tura hoton da ingancinsa. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba, layuka su dusashe, don haka gara ka tura shi a matsayin fayil, kada a ɓata lokaci ana gyara maka aibin da ba kai ka yi shi ba.

Idan kai ne mai yin gyara

Abu na farko shi ne ka tabbatar an nemi gyaran. Ba duk wanda ya ɗora zane ne yake neman sharhi ba. Wani murnar kammala aiki yake yi, wani kuma zanen mahaifiyarsa ce da ta rasu. A manyan dandalin masu zane na duniya, irin su DeviantArt da aka kafa a 2000 da ArtStation da ya zo a 2014, an daɗe da sabawa da cewa mai zane yana sanarwa idan yana maraba da gyara, wanda bai sanar ba kuma sai a tambaye shi tukuna. Jimla ɗaya ta wadatar: "Malam, na ga wani abu game da hasken, in faɗa?" Wannan neman izini ginshiƙi ne a tsarin sharhi da Liz Lerman, wata mai tsara raye-raye a Amurka, ta fito da shi a 1990, wanda masu fasaha iri-iri suke amfani da shi har yau. A tsarinta masu kallo suna fara faɗin abin da ya taɓa su a cikin aikin, sai mai aikin ya yi nasa tambayoyin, sai masu kallo su yi tambayoyin da ba su ɓoye hukunci a ciki ba, a ƙarshe ne kawai ake ba da ra'ayi, shi ma bayan mai aikin ya amince zai ji.

Mataki na uku na wannan tsari ya fi sauran wuya, kuma a ganina ya fi su daraja. "Me ya sa ka cika launin nan da duhu haka?" hukunci ne da aka saka wa rigar tambaya, kuma mai zane zai ji shi a matsayin tuhuma. "Wane lokaci na yini kake son a ji a cikin zanen?" tambaya ce ta gaskiya. Idan ya ce maka bayan magariba yake nufi, duhun da ka ɗauka kuskure ne ya zama niyya, sai magana ta koma kan ko ya cim ma niyyar tasa. Ma'aunin gyara shi ne abin da mai zanen yake nema. Idan ya zaɓi salon katun mai manyan idanu da ƙaton kai, babu ma'ana ka tunatar da shi cewa tsayin baligi kusan kai bakwai da rabi ne, amma idan ya ce yana son mutumin ya fito kamar a hoto, to wannan ma'auni ya hau kansa, tare da cewa idanu suna zama a tsakiyar tsayin kai, kuma yatsun hannun da aka sake suna kaiwa tsakiyar cinya.

Kafin ka rubuta komai, ka duba zanen da kyau, kuma akwai gwaji uku da ba sa cin minti biyu. Ka ƙanƙance shi har ya zama kamar girman akwatin ashana, ka ga ko har yanzu ana gane abin da ke ciki da inda ido ke fara sauka. Ka mayar da shi baƙi da fari, domin sau da yawa launuka biyu da suka bambanta a ido nauyinsu, wato yawan haskensu ko duhunsu, ɗaya ne, sai mutum ya nutse a cikin bangon da ke bayansa. Sannan ka juya shi hagu zuwa dama kamar a madubi, nan take fuskar da ta karkace ko ido ɗaya da ya ɗara ɗaya za su bayyana. Abin da ka gano ta waɗannan hanyoyi mai zanen zai iya maimaitawa da kansa ya gani, don haka maganarka ta tashi daga ra'ayi ta zama abin da ake iya tabbatarwa.

Bari in kawo misali daga wani zaure da nake ciki. Wani yaro ya ɗora zanen dattijo zaune a kan tabarma a ƙofar zaure, sanye da babbar riga fara da hula, da carbi a hannu. Fuskar ta fito da kyau matuƙa, har da tamoji a gefen ido da furfurar gemu, amma akwai abin da ke sa zanen ya yi kama da an liƙa mutumin a kan bango. Wata 'yar'uwa da ta fi mu daɗewa a sana'ar ta rubuta masa kamar haka: "Ƙanena, fuskar baban nan ta yi rai, musamman yadda ka bar haske a kan ƙashin kumatunsa na hagu. Wannan hasken ya nuna rana tana hagu, amma inuwarsa a ƙasa ita ma hagu ta faɗi, ga shi kuma babu duhu a inda rigar ta taɓa tabarma, shi ya sa yake kamar yana shawagi. Gwada mayar da inuwar dama, ka sa ɗan siririn duhu a ƙarƙashin rigar." Layi huɗu ne, amma sun ƙunshi yabon da ya faɗi abin da za a ci gaba da yi, da wurin matsala, da dalilinta, da abin gwadawa. Ba ta taɓa maganar lanƙwasar rigar ba, ko da yake ita ma tana da gyara, domin ta san idan aka jibga wa mai koyo gyara goma a lokaci guda babu wanda zai ɗauka. Ka zaɓi babba ɗaya ko biyu, ka fara da tsari da daidaiton jiki da haske, ka bar ƙananan ado sai wani zagaye.

Wani lokaci nunawa ta fi bayani sauƙi. Masu zane suna ɗaukar kwafin aikin ɗan'uwansu, su buɗe sabuwar shimfiɗa a samansa, wato sabon shafi a manhaja da ake hangen zanen ta cikinsa, su ja jan layi a inda gwiwar hannu ya kamata ta tsaya ko inda inuwa ya kamata ta faɗi. Hanya ce mai ƙarfi, amma ba a yin ta sai da izini, kuma ba a ɗora sakamakon a shafin kai kamar ana baje kolin gwaninta. Ka mayar masa da shi a inda ya nema, ko ta saƙo tsakaninku. Idan mai zanen ya girme ka ko malaminka ne, saƙon sirri ya fi dacewa da komai, kuma lafazin "ranka ya daɗe, ko idona ne, na ga kamar..." ba ya rage wa gaskiyar komai, yana dai buɗe mata ƙofa.

Akwai gyaran da mu ne kawai za mu iya yi wa junanmu, kuma bai kamata mu yi sakaci da shi ba. Mai sharhi daga wata ƙasa ba zai lura cewa an naɗa rawani ta yadda ba a naɗa shi ba, ko an zana dagi da saƙar da ba ta haɗu ba, ko an sa wa amarya lalle irin na Indiya alhali ana nufin Bahaushiya. Haka nan rubutu. Yawancin salon haruffa masu ado da ake saukewa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai manhaja ta aro su daga wani salon daban, harafin ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri, ko ya zama ɗan akwati. Wasu kuma sai su sauke ƙugiyar gaba ɗaya, a rubuta "daki" a maimakon "ɗaki", ko "kasa" a maimakon "ƙasa", ma'ana ta sauya. Idan katin biki ne ko fasta da za a kai maɗaba'a, ka tambayi mai aikin ko ya shirya shi da tsarin launin bugu na CMYK da ingancin hoto na ɗigo 300 a kowane inci, domin shuɗi da koren da ke walƙiya a fuskar waya sukan fito a dusashe a kan takarda, kuma gara ya ji haka daga gare ka kafin a buga kati ɗari biyar.

Batun zargi kuwa yana buƙatar taka-tsantsan na musamman. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke fitar da hotuna, an fara saurin cewa wane ba shi ya zana ba, ko ya bi layin aikin wani. Wannan magana ce da ke iya kashe wa mutum kasuwa. Idan kana da shakka, ka tambaye shi a keɓe, kuma da yake ibisPaint da Procreate suna naɗar bidiyon yadda aka yi zane tun daga layin farko, mai gaskiya yakan sami abin nunawa cikin sauƙi.

Bayan gyara ya iso

Zafin da kake ji a ƙirji idan aka nuna aibin aikinka ba alamar rauni ba ce, kowa yana jin sa, har waɗanda suka shekara ashirin suna zane. Abin da ake so shi ne kada ka amsa cikin wannan zafi. Ka yi godiya, ka ajiye wayar, ka dawo washegari ka sake karantawa da zanen a buɗe a gabanka. Ka guji dogon bayanin kare kai, domin idan sai ka yi bayani kafin a gane cewa abin da ke hannun yarinyar da ka zana faifai ne, to zanen bai faɗi hakan ba tukuna, kuma ba za ka bi kowane mai kallo da bayani ba. Idan maganar ta zo a dunƙule, kamar "fuskar ba ta yi ba", ka nemi a warware maka: idanu ne, ko haɓa, ko launin fata? Sau da yawa mai maganar ya ga wani abu na gaskiya, kalmomin faɗarsa ne ba shi da su. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma wanda ya tsaya ya duba aikinka har ya rubuta maka layi biyar ya ba ka lokacinsa kyauta.

Wannan ba ya nufin ka bi duk abin da aka ce. A Pixar, kamfanin fina-finan katun na Amurka, akwai wani zama da manyan masu shirya fim suke yi su faɗa wa darakta gaskiya game da aikinsa, amma ba su da ikon tilasta masa ya bi, shi ne zai nemo mafita. Ka ɗauki wannan matsayi a kan zanenka. Ka raba abin da aka faɗa maka gida biyu: wurin da aka ce akwai matsala, da maganin da aka ba ka. Idan mutum uku da ba su haɗa baki ba suka nuna wuri ɗaya, kusan tabbas akwai matsala a wurin, ko da kowannensu ya kawo magani daban kuma babu wanda ya dace. Idan kuwa mutum ɗaya ne ya ce shi ba ya son ruwan ɗorawa, wannan son ransa ne, ka gode masa ka bar launinka. Ka kuma duba aikin mai ba ka shawara idan maganar ta shafi dabarun sana'a, amma kada ka raina wanda bai iya zane ba idan ya ce maka bai gane abin da ke faruwa a hoton ba, domin irinsa ne mafi yawan waɗanda za su kalli aikin.

Wanda ya zo da zagi, ya taɓa mutuncinka ko ƙabilarka ko kasancewarki mace, ba gyara ya kawo ba, kuma ba ya bin ka bashin amsa. Ka sanar da masu kula da zauren, ka toshe shi idan ya ci gaba.

Ka riƙa ajiye kwafin zanen kafin gyara, ka yi gyaran a sabon fayil, sannan ka jera su biyun ka kwatanta da idonka, domin wani lokaci za ka ga na farkon ya fi, ka koma kansa da hujja. Ka kuma buɗe ɗan littafi ko shafi a waya inda kake rubuta gyaran da ke yawan dawowa. Idan a zane huɗu a jere an yi maka maganar hannu, to ka ware mako biyu kana zana hannunka na hagu a yanayi daban-daban, riƙe da kofi, riƙe da alƙalami, a buɗe, a dunƙule. Idan ka gyara aikin, ka mayar da shi zauren tare da tsohon, ka ambaci wanda ya nuna maka wurin. Yaron da ya zana dattijon nan haka ya yi bayan kwana biyu: inuwa ta koma dama, rigar ta zauna a kan tabarma, sai a lokacin 'yar'uwar ta ɗauko masa maganar lanƙwasar hannun riga.