Harsashin Magnum Ko Na Gama-gari: Yadda Ake Zaɓa Wa Bindigar Farauta Marar Nauyi

Mafaraucin da yake yini yana tafiya a ƙasa, musamman a wuri mai duwatsu da hawa da gangara, ya san cewa bindigar da ba ta da nauyi da safe takan zame masa kaya kafin la'asar. Wannan ne ya sa kamfanoni suka dukufa wajen ƙera bindigogin da nauyinsu bai wuce kilo uku ba, ta hanyar siranta bututu, da rage ƙarfen jiki, da yin ƙota da kayan da ba su kai katako nauyi ba. Sai dai da zarar mutum ya tsayar da ransa a kan irin wannan bindiga, wata tambaya za ta taso masa, wato wane irin harsashi ya kamata ta riƙa ci: na gama-gari irin su .308 Winchester da .30-06 Springfield da .270 Winchester, ko kuwa magnum irin su 7mm Remington Magnum da .300 Winchester Magnum? Ra'ayina shi ne bindiga marar nauyi ta fi dacewa da harsashin gama-gari, kuma bai kamata a koma ga magnum ba sai idan girman dabbar da nisan harbin sun tilasta haka. Ga yadda za ka auna lamarin da kanka.

Ka fara da sanin ainihin abin da ya raba su. Sau da yawa ƙwayar da take fita daga bakin bindiga iri ɗaya ce, domin .308 da .30-06 da .300 Winchester Magnum duk kaurin ƙwayarsu ɗaya ne, kuma ana iya ɗora wa kowannensu ƙwaya mai nauyin giren 180, wato kimanin giram 11.7. Bambancin yana cikin kwanson da ke bayan ƙwayar da yawan albarushin da yake ɗauka. Da wannan ƙwaya, .308 kan fita da gudun ƙafa 2,620 a daƙiƙa ɗaya, .30-06 kuma kimanin 2,700, shi kuwa .300 Winchester Magnum yakan kai 2,960. Amma domin samun wannan ƙarin gudu, wanda bai fi kashi 13 cikin ɗari a kan na .308 ba, magnum yana ƙona albarushin da ya haura giram huɗu da rabi, alhali .308 bai cika kai giram uku ba. Wannan rarar albarushi ba ta tafiya a banza, domin tana fita ne a matsayin iska mai zafi da ƙarfi, ita ce kuma take ƙara ƙarar harbi, da zafin bututu, da shurin da bindiga take yi wa kafaɗa.

Maganar shuri ita ce zuciyar wannan zaɓi, saboda haka ya dace a tsaya a kanta sosai. Duk ƙarfin da ya tura ƙwaya da iskar albarushi gaba, irinsa ne yake tura bindiga baya, kuma abin da yake shanye wannan turi kafin ya isa ga mai harbi shi ne nauyin bindigar. Lissafin a fili yake: idan harsashi bai canja ba, aka rage nauyin bindiga daga kilo huɗu zuwa kilo uku, ƙarfin shurin zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, kuma saurin da ƙotar take dukan kafaɗa da shi ma zai ƙaru da haka. Idan kuma aka kwatanta bindigogi biyu masu nauyi ɗaya, mai cin .300 Winchester Magnum takan fi mai cin .308 shuri da abin da ya kai kashi biyu cikin uku. To, wanda ya haɗa rashin nauyi da magnum ya tara wa kafaɗarsa abubuwa biyun a lokaci guda. Har ma za ka tarar cewa .308 a cikin bindiga mai kilo uku tana dawowa baya da saurin da ya yi kusa da na magnum a cikin bindiga mai kilo huɗu, wanda ke nuna cewa harsashin gama-gari ma ba wasa ba ne idan bindigar ta yi sakayau.

Illar shuri mai tsanani ba ta tsaya ga ciwon kafaɗa ba. Babbar ɓarnarsa ita ce yana koya wa jiki tsoro ba tare da sanin mai shi ba, ta yadda kafin kunama ta gama tashi ido ya riga ya ƙifta, kafaɗa ta zabura gaba, bakin bindiga ya sunkuya. Wannan zabura ba ta da alaƙa da jarumta ko rashinta, domin ƙwararrun maharba ma tana kama su, kuma idan ta zauna wa mutum fitar da ita yana da wuya. Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko kana da ita. Ka je filin koyon harbi da abokin da ka amince da shi, ka bar shi ya riƙa ɗura maka bindiga ba ka gani, wani lokaci ya sa harsashi na gaskiya, wani lokaci kuma ya sa na gwaji marar albarushi. Idan ka ja kunama a kan marar albarushi sai bakin bindigar ya motsa, to ka ga abin da yake faruwa a kowane harbi naka, wanda ƙarar harbin take ɓoye maka. Ina ganin bai kamata kowa ya sayi magnum marar nauyi ba sai ya yi wannan gwaji da bindiga makamanciyarta.

Bayan haka sai ka tambayi kanka, tsakani da Allah, daga wane nisa kake harbi. Amfanin gudun magnum shi ne ƙwayar ba ta saurin faɗuwa, iska ba ta karkatar da ita da yawa, kuma tana isa nesa da sauran ƙarfinta. Amma ka dubi girman wannan amfani da lamba. Idan aka daidaita saitin bindigogin biyu a kan yadi 200, to a yadi 300 ƙwayar .308 mai giren 180 takan sauka ƙasa da wurin da aka auna da kimanin inci tara, ta magnum kuwa kimanin inci shida da rabi. Tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, alhali wurin huhu da zuciya a jikin barewa babba ya kai faɗin faranti. Sai an wuce yadi 400 ne tazarar take buɗewa har ta zama abin lissafi, kuma mafi yawan dabbobin da mafarauta suke samu a kusa da haka ake harbinsu. A zamanin da .300 Winchester Magnum ya fito, wato 1963, shekara ɗaya bayan 7mm Remington Magnum, da ido ake ƙiyasta nisa, don haka miƙewar tafiyar ƙwaya takan rufa wa mai harbi asiri idan ya yi kuskuren ƙiyasi. Yanzu da ake da na'urar auna nisa ta hannu, wannan hujja ta rage ƙarfi ƙwarai.

Sai maganar dabbar da kake nema. Ga barewa da gada da aladen daji da duk abin da ke wannan aji, harsasai irin su .270 Winchester na 1925, da .308 na 1952, da 7mm-08 Remington na 1980, da 6.5 Creedmoor na 2007 sun wadatar, har da rara. Ga dabba mai girman gwanki ko fiye, .30-06 da ƙwaya mai nauyi yana aikin tun 1906, kuma mafarautan ƙasashen Suwidin da Norwe sun shafe fiye da shekara ɗari suna kayar da manyan dabbobin dajinsu masu ƙaho da 6.5x55, harsashin da shurinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi gudu muhimmanci a nan shi ne ginin ƙwayar. Ƙwaya mai laushi da ta daki ƙashi da gudu mai yawa tana iya tarwatsewa tun ba ta shiga ciki ba, irin matsalar da ta sa John Nosler ya ƙirƙiro ƙwayar Partition a 1948, mai shinge a tsakiya wanda yake riƙe rabin baya ko da gaban ya baje. Ƙwaya irin wannan, ko wadda aka yi da zallar jan ƙarfe, takan ba harsashin gama-gari shigar da a da sai da babban harsashi ake samunta.

Dabbobi masu haɗari kamar ɓauna nasu hukuncin daban ne. Ƙasashen Afirka da dama sun sanya ƙwaya mai kaurin inci .375 a matsayin mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a harbe su da shi, kuma .375 H&H Magnum na 1912 ba harsashin bindiga marar nauyi ba ne ko kaɗan. A kowace ƙasa kake, ka duba sharuɗɗan lasisinka da dokar farauta kafin ka zaɓi harsashi.

Akwai kuma abin da masu saye da yawa ba sa lura da shi, wato magnum da rashin nauyi suna jan juna ta fuskoki biyu masu saɓani tun daga ƙirar bindigar. Albarushin magnum mai ƙonewa ne a hankali, yana buƙatar bututu mai tsawon inci 24 zuwa 26 kafin ya ba da cikakken gudunsa, kuma kowane inci da aka yanke domin rage nauyi yana tafiya da wani kaso na gudun nan da aka sayi bindigar dominsa. Magnum mai bututun inci 20 ya rasa wani babban ɓangare na fifikonsa a kan .30-06, amma bai rasa komai daga ƙararsa da walƙiyar bakinsa ba, sai ma ƙaruwa. Shi kuwa .308 yana aiki lafiya da bututun inci 20, kuma da yake tsawon harsashin inci 2.8 ne kacal, ba 3.34 irin na .30-06 da .300 Winchester Magnum ba, gidan harsashinsa gajere ne, wanda hakan ma ragin ƙarfe ne. An fitar da .300 WSM, wato Winchester Short Magnum, a 2001 domin a samu gudun magnum a gajeren gida, kuma ya cim ma hakan, amma bai sauya komai a lissafin shuri ba. Ka ƙara da cewa siririn bututu yana ɗaukar zafi da wuri, har bayan harbi uku ko huɗu na magnum ƙwayoyi kan fara warwatsuwa, wanda ke sa atisaye ya zama aikin jira. Wutar magnum tana kuma cinye maƙogwaron bututu tun bai yi rabin kwanan na .308 ba, harsashinsa ya fi tsada, kuma ma'ajiyar harsasai ta bindigar takan ɗauki uku ne a inda na gama-gari yake ɗaukar huɗu ko biyar.

Idan ka auna duk wannan kuma ka ga farautarka ta buɗaɗɗen fili ce, dabbar babba ce, iska tana kaɗawa, kuma kusantarta ba ya yiwuwa, to magnum yana da hujja, kuma babu laifi ka ɗauke shi. Abin da zan ba ka shawara shi ne kada ka nemi mafi rashin nauyi. Ka bar bindigar ta kai kusan kilo huɗu tare da madubin saiti da harsasai, ka sa mata matashin roba mai kauri a gindin ƙota, ka tabbatar tsawon ƙotar ya dace da hannunka, sannan ka zaɓi madubin da yake barin tazarar inci uku da rabi zuwa huɗu tsakaninsa da ido, domin bindiga mai saurin dawowa tana iya fasa gira da bakin madubi. Tsakanin magnum ɗin ma, 7mm Remington Magnum ya fi .300 sauƙin shuri, don haka ya fi dacewa da wanda yake kan iyaka. Ana iya ɗaura wa bakin bututu wani ƙarfe mai huji-huji da yake karkatar da iskar albarushi gefe, kuma yana rage shuri sosai, amma yana dawo da ƙarar ga kunnen mai harbi da na wanda ke tsaye kusa da shi. Ƙarar irin waɗannan bindigogi ta riga ta haura desibel 140, matakin da harbi ɗaya yake iya lalata ji har abada, saboda haka wanda ya sa wannan ƙarfe wajibi ne ya toshe kunnuwansa ko a cikin daji yake.

Mataki na ƙarshe kafin ka biya kuɗi shi ne ka gwada iri biyun a yanayin da ya yi kama da farauta, ba a kan tebur da buhunan yashi kaɗai ba. Ka kafa takarda mai faɗin inci takwas, ka yi ɗan tattaki har numfashinka ya ɗaga, sannan ka harba sau uku kana zaune ko a durƙushe, ko ka jingina bindigar a kan jakarka. Ka riƙa matsawa baya da yadi hamsin-hamsin har ka kai inda ɗaya daga cikin ukun ya fara fita daga takardar. Nisan da ka tsaya a kai kafin nan shi ne iyakarka da wannan bindiga, kuma shi za ka kwatanta da na ɗayar. Idan iyakarka da .308 ta kai ta magnum ko ta wuce ta, ka ɗauki .308, ka sa rarar kuɗin a kan ƙwaya mai inganci da harsasan atisaye.