Yadda Za Ki Ciyar Da Maƙwabta 'Yan Sikh Ba Tare Da An Dawo Miki Da Kwano Ba

Shekarar da suka tare a gidan da ke jikin namu, nan Federal Low Cost a Gombe, na yi abin da kowace matar Bahaushe za ta yi ranar babbar Sallah. Na ware cinyar rago, na soya ta har ta yi ja, na zuba a kwanon samira, na ba autata ta miƙa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga matar gidan da kanta. Ta ajiye kwanon a gabana, ta haɗa tafukan hannunta biyu, ta ce da Hausarta ta kasuwa: "Hajiya, nama a'a. Ba fushi." Wallahi ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yau shekara shida ke nan muna musayar kwano da su, don haka ga abin da na koya, ko wata za ta huta da irin kunyar da na sha.

Fara da sanin su wane ne, domin a nan mutanenmu suke fara kuskure. Mijin injiniya ne a wani injin shinkafa, yana da gemu har ƙirji da rawani kullum a kansa. Yaran unguwa sun yi ta tambayar wane sarki ne ya naɗa shi, tunda a wurinmu ba a ganin rawani sai kan mai sarauta ko babban malami. Wani dattijo har ya taɓa jan hannunsa zuwa sahu. To, ba Musulmi ba ne, ba kuma Hindu ba ne. Addininsu na Sikh daban yake, daga yankin Punjab ya fito, wanda aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947. Wanda ya kafa shi, Guru Nanak, an haife shi a 1469. Allah ɗaya suke bauta wa, suna kiransa Waheguru. Mazansu na ɗauke da sunan Singh, matan kuma Kaur. In kina son ki faranta musu a bakin ƙofa, ce musu "Sat Sri Akal". Tsohuwar gidan, uwar mijin, wadda jikoki ke kira Biji, ranar da na fara gaishe ta haka sai da ta rungume ni.

Yanzu batun nama, wanda shi ne gaba ɗayan maganar. A 1699 Guru Gobind Singh, na goma a jerin jagororinsu, ya kafa ƙungiyar da suke kira Khalsa. Duk wanda ya yi mubaya'ar shiga cikinta akwai abubuwa huɗu da aka haramta masa: aske gashi, zina, taba, da cin naman da aka yanka irin yankanmu, wanda suke kira kutha. Kin ga ke nan naman layyata shi ne ainihin abin da ba za su taɓa ba, kuma duk naman da ke Babbar Kasuwa haka yake. Waɗanda ke cin nama a cikinsu suna cin wanda aka sare kan dabbar da sara ɗaya ne, shi kuma mu bai halatta gare mu ba. Wasu, kamar maƙwabtana, sun bar nama kwata-kwata. Saboda haka kada ki wahalar da kanki da lissafi: tukunyar da ba nama ita ce inda mu da su muke haɗuwa. Kifi da ƙwai kuwa gida-gida ne, sai ki tambaya tun kafin ki ɗora tukunya. Tambayar ba ta ɓata musu rai, jin daɗinta ma suke yi.

Inda ake zamewa shi ne abin da ba a gani. Romon nama da kika saba zubawa a miya, dunƙulen ɗanɗano mai kaza a jikin takardarsa, kitsen da kika adana tun Sallah, garin busasshen kifi a cikin alale, har man da kika soya kaza da shi jiya kika tace. Kuma kada ki ce za ki tsame naman ki ba su romon. Wanke tukunya tas, ludayi ma daban. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da barkono sun isa su tayar da miya, su ma mutanen yaji ne, ba sa tsoronsa.

Me za ki dafa? A nan ne za ki ga ashe abincinmu da nasu 'yan uwa ne. Su ma manoman alkama ne masu shanu, abincinsu na kullum shi ne roti, wato gurasar alkama marar yisti da ake gasawa a kasko, da miyar wake da suke kira dal. Man shanu kuwa kamar ransu. Ranar da Biji ta shinshina man shanun da nake saya wurin wata Bafulatana mai zuwa daga wajen Kwami, na soya shi da albasa, sai ta ce in riƙa sayo mata kwalba biyu duk mako.

Abin da bai taɓa ba ni kunya ba shi ne masa da miyar taushe. Kabewa, gyaɗa niƙaƙƙiya, alayyahu, ɗan yakuwa don tsami, sai man shanu cokali biyu a ƙarshe, ba ƙashi ba tsoka. Ɗanwake da man gyaɗa da yaji ma yana shiga, amma ki bar dafaffen ƙwan a gefe. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, mijin har ƙari yake nema. Ƙosai ba sai an faɗa ba. Tuwo ne dai suka kasa sabawa da shi, musamman da miyar kuka ko kuɓewa. Yauƙin ne ba sa so, na lura suna ci ne don kara, sai na daina.

In kina son ki burge, yi musu wake irin nasu. Surfa farin wake gwangwani biyu, ki cire bawon kamar za ki yi alale, ki dafa da gishiri da kurkum har ya narke ya zama kamar kunu mai kauri. A wani kaskon ki narkar da man shanu, ki soya albasa har ta yi ja, ki zuba tafarnuwa, citta, attaruhu da tumatir biyu. Idan ya soyu, juye shi da zafinsa a kan waken, ki rufe nan take don ƙamshin ya zauna. Wannan juyin na ƙarshe shi ne sirrin, suna ce masa tarka. A ci da shinkafa fara. Abin sha kuwa, kaɗa kindirmo da ruwan sanyi da sukari, ga abin da suke kira lassi ya samu. Fura da nono ma sun karɓe ta hannu biyu. Bayan an ci, shayi mai madara da citta, a tafasa su tare a tukunya ɗaya, ba a kawo ruwan zafi da ganye a gefe ba.

Sai ki ja kunnen mutanen gidanki kafin baƙi su iso. Mai shan sigari ya yi nisa da ita, ko a ƙofar gida kada ya kunna. Ƙanin maigidana sai da na kore shi zuwa bakin titi. Yara kuma kada wanda ya kai hannu kan rawani, ko kan ɗan ƙyallen da ake ɗaure wa yaronsu a ka da tsinin gashi a sama, kada kuma a ce masa mace don gashinsa ya yi tsawo. Abubuwa biyar ne cikakken ɗan Khalsa ba ya rabuwa da su: gashin da ba a askewa, ƙaramin matajin katako a cikinsa, warwaron ƙarfe a hannu, gajeren wando na ciki, da 'yar wuƙa a kube mai suna kirpan. In kin hango ta a ƙarƙashin riga kada gabanki ya faɗi, ba faɗa ya kawo ta ba.

Malam, wato maigidana, da ya ji suna cewa Allah ɗaya ne, suna tashi tun kafin asuba su yi wanka su yi addu'a, ga kuma baitocin wani shehin Musulmi, Baba Farid, a cikin littafinsu, sai ya gyara zama zai fara wa'azi a kan tabarmar abinci. Na taka masa ƙafa. Baƙo ya zo cin masa ne. Hira kan addini suna yin ta da sakin fuska in lokacinta ya yi, amma rabuwar 1947 kada ki tono ta. Iyayen Biji daga wajen Lahore, birnin da ya faɗa ɓangaren Pakistan, suka gudo a shekarar, kuma sau ɗaya tak ta taɓa ba ni labarin, da kanta, muna tsinke alayyahu.

Za su rama gayyata, wannan ba makawa, domin ciyarwa ibada ce a wurinsu. A babban wurin ibadarsu na birnin Amritsar a Indiya ana dafa abinci kyauta dare da rana, suna kiransa langar, kowa a ƙasa yake zama, mai kuɗi da talaka sahu ɗaya, kuma ba a sa nama don kowa ya iya ci. In kin shiga gidansu, akwai ɗaki ko kusurwar da suke ajiye littattafan addu'a. Cire takalmi, ki rufe kai, mu dama a rufe muke. A irin ranakun bikinsu, kamar Vaisakhi a tsakiyar Afrilu, suna raba wani tuwon zaƙi mai suna karah parshad wanda aka yi wa addu'a, ana karɓarsa da tafi biyu a haɗe. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da cin wanda aka yi wa addu'arsu ba, na kuma faɗa wa matar gidan a fili kamar yadda ita ma ta faɗa mini ranar rago. Dariya kawai ta yi. Washegari ta kira ni madafinta ta tuƙa mini wani a gabana.

Ga yadda ta yi. Gwangwani ɗaya na man shanu, ɗaya na garin alkama wanda ba a cire dusarsa ba, ɗaya na sukari, ruwa gwangwani uku. Tafasa ruwan da sukarin a gefe. Narkar da man, ki zuba garin, ki yi ta juyawa a wuta kaɗan har ya koma kalar ƙuli-ƙuli, ƙamshi ya cika gida. A nan ake son haƙuri, in kin ɗaga ido ya ƙone. Sai ki tsiyaya ruwan sukarin a hankali, ki ja fuskarki baya domin yana tsartuwa, ki ci gaba da tuƙawa har ya saki jikin tukunya, man ya fara fitowa ta gefe. Da zafinsa ake ci. Yarana yanzu shi suke nema da buɗa-baki, sun raɗa masa suna tuwon Biji, kuma ni nakan rage sukarin zuwa rabin gwangwani saboda Malam.