Yadda Ake Haɗa Akwatin Ɗan Makarantar Kwana

Da farko ki karɓo takardar kayan da makaranta ta yarda da su, don a bakin ƙofa ake zazzage akwati.

Sai sayayya: garin kwaki, sukari da sabulu a Kasuwar Singa, zanin gado a Kantin Kwari.

Ki rubuta sunan yaron a jikin komai, musamman bokiti, shi kam ƙafa gare shi a ɗakin kwana.

Littattafai a ƙasa, tufafi a kansu. Ƙuli-ƙuli da yaji a roba mai murfi, nesa da omo, kar ƙamshin ya kama su. Gidan sauro da tocila a sama. In hunturu ne, ki ƙara rigar sanyi da basilin.

Sai ki datse da kwaɗo, makulli ɗaya a wuyansa, ɗaya a wajenki.