Yadda ake gane ko magani jijiyar hanji ya taɓa ko tsokarsa

Wasu ɗalibai a Damagaram kan gwada ruwan bagaruwa ko na sabara a kan hanjin dabba, su ga motsi ya tsaya, sai su rubuta cewa maganin zawo ne. Wannan bai wadatar ba. A cikin bangon hanji akwai saƙar jijiyoyi mai suna Auerbach, kwance tsakanin shimfiɗun tsoka biyu, ita ce ke sakin wani sinadari, asetilkolin, don tsoka ta tsuke. Magani na iya hana jijiya saki, ko ya toshe wurin da tsoka ke karɓa, ko ya kashe tsokar kanta. Ana bambance waɗannan ukun ne da ƙaramin hanjin ɓeran Masar, bayan kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya ba da izini.

A fara da ruwan Tyrode, wato ruwan gishirin da hanjin zai zauna a ciki. A lita ɗaya ta tataccen ruwa: sodiyom kulorid giram 8, fotasiyom kulorid 0.2, magniziyom kulorid 0.1, sodiyom fosfat 0.05, bikarbonat 1, gulukos 1, kalsiyom kulorid 0.2. Kalsiyom a zuba shi daga ƙarshe, a narke, ana motsawa. In ya haɗu da bikarbonat da kauri ruwan zai yi fari, kuma hanjin da ba kalsiyom ba ya tsukewa. A haɗa sabo kowace safiya, domin ruwa mai gulukos ba ya kwana a zafin nan.

A hana dabbar abinci da dare amma a bar mata ruwa, ƙwararre ya kashe ta ba tare da wahala ba. A yar da santimita 10 na kusa da mahaɗar babban hanji, a yanka guntaye na santimita 2 zuwa 3. A wanke cikin da sirinji a hankali, kada a hura shi ya kumbura. A ɗaura zare a kowane baki ba tare da rufe ramin ba, ɗaya a ƙugiyar ƙasan kwalba mai mililita 10 ko 20, ɗaya a na'urar auna ja. Nauyin ja giram 0.5 zuwa 1, zafi digiri 37, iska na shiga ƙananan kumfa. A bar shi ya huta minti 45, ana sauya ruwa duk minti 15. A watan Afrilu da Mayu ɗaki kan wuce digiri 37, don haka a yi aikin da sassafe, a duba ma'aunin zafi a cikin kwalbar kanta. A tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta.

Yanzu sai gwaji biyu, kuma a nan amsar take. Na farko, a ɗiga asetilkolin maikuromola 0.1 (ma'aunin ƙarfin magani a cikin ruwan kwalba), a bar shi daƙiƙa 30, a wanke, a maimaita duk minti 3 har tsayin tsukewar ya daidaita. Na biyu, a sa wayar filatinom ɗaya cikin ramin hanji, ɗaya a waje, a ba da lantarki na milisakan 0.5 sau ɗaya duk daƙiƙa 10, dabarar wani masani mai suna Paton ke nan. Bugu gajere haka jijiya yake tayarwa, ba tsoka ba.

A sa mofin maikuromola 1: tsukewar lantarki za ta ragu ƙwarai, ta asetilkolin tana nan yadda take, kuma naloson, mai karya aikin mofin, ya mayar da komai. Wannan aiki ne a kan jijiya. Atirofin maikuromola 0.1 zai kashe duka biyun, amma hanjin ya ci gaba da amsa histamin, mai tsuke tsoka ta wani wurin karɓa daban, alamar wurin karɓar asetilkolin ne ya toshe. Heksametoniyom maikuromola 100 yana hana tsukewar da nikotin ke jawowa kawai, saboda a mahaɗar jijiyoyi yake aiki. Nikotin a ba shi tazarar minti 15, in ba haka ba amsarsa raguwa take yi da kanta, mutum ya ɗauka maganinsa ne.

Ruwan tsiro ya bi wannan sahu. Kada abin da aka zuba ya wuce mililita 0.5, a auna tsaminsa, a gwada abin narkarwar shi kaɗai. In ya danne lantarki da asetilkolin da histamin gaba ɗaya, a wanke sau uku a sake gwadawa. In amsa ta dawo, tsokar kanta ya taɓa. In ba ta dawo ba, a fi zargin guntun ya lalace, a ɗaura sabo a rage yawan ruwan tsiron zuwa kashi ɗaya cikin goma.