Yadda za a sauya wa dattijo gado da katifa domin barcinsa ya gyaru

A gidaje da yawa a Bauchi, ɗakin da aka fi daɗewa ba a taɓa kayansa ba shi ne ɗakin tsohon gida ko na tsohuwa. 'Ya'ya kan sauya kujerun falo, su shimfiɗa tayil a tsakar gida, amma Inna tana nan a kan gadon ƙarfen da aka yi mata jere da shi, katifar kuwa ta lotsa a tsakiya har ta zama kwari. Da ma barcin mai shekaru ba shi da nauyi, domin ƙaramin motsi kan tashe shi, ga fitsarin dare, ga tashin asuba. Masana barci suna ba wanda ya kai shekara 65 shawarar ya samu awa 7 zuwa 8, kuma mugun makwanci shi kaɗai yana iya cinye kaso mai yawa daga ciki.

Aikin ba a kasuwa yake farawa ba. A fara zama a ɗakin a lura da yadda dattijon yake kwanciya da yadda yake tashi: ko yana dafa bango, ko sai ya yunƙura sau biyu kafin ya miƙe, ko ƙafafunsa suna reto idan ya zauna a bakin gado. Sannan a nemi yardarsa cikin ladabi, domin gadon da ɗa yake gani tsohon ƙarfe ne kawai, a wurin mahaifiyarsa kayan aurenta ne. Wanda ya ce, "Inna, na ga tashi yana ba ki wuya, ko a rage wa gadon nan tsawo?" zai fi samun biyan bukata a kan wanda ya iso da sabon gado a bayan mota ba tare da shawara ba.

Tsawon gado daga ƙasa shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa, shi ne kuma ya fi haɗari. Ƙa'idar ita ce, idan mutum ya zauna a bakin gado, tafin ƙafafunsa su dira ƙasa sosai, gwiwoyinsa kuma su zo daidai da ƙugunsa ko su ɗan yi ƙasa kaɗan. Ga yawancin mutane wannan yakan kama inci 18 zuwa 22, gado da katifa a haɗe, amma ya fi kyau a ɗauki awo daga ƙasa zuwa bayan gwiwar mai gadon. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne, a sayi katifa mai kaurin inci 12 saboda ana ganin kauri shi ne daraja, a ɗora ta a kan gado mai inci 14, sai tsohuwa ta wayi gari tana hawa inci 26 kamar mai hawa katanga, ta riƙa sauka da zamewa cikin duhu. Saboda haka a fara zaɓen katifa, sannan a gaya wa kafinta ko mai walda tsawon da zai yi wa ƙafafun gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 65 suna faɗuwa a kowace shekara, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba ta saurin ɗoruwa. Katifa a ƙasa ma, wadda dattawa da yawa suka saba da ita, takan zama azaba ga mai ciwon gwiwa.

Game da katifa, akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutane cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri kamar katako. Wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka wallafa a 2003, ya nuna cewa masu kwana a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi. Jikin tsoho ba shi da tsoka mai yawa a kafaɗa da ƙugu, don haka katifa mai tsananin tauri kan sa gefen da ya kwanta a kai ya yi tsami, ya kwana yana juyi. Mai laushi ƙwarai kuma takan haɗiye shi, tashi ya gagara. Idan an je shagon katifa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, kada a tsaya ga danna ta da hannu. In da hali a tafi da mai gadon ya kwanta a kai na minti goma, ta gefen da ya saba kwanciya, sannan ya zauna a bakinta a ga ko gefen yana rushewa. Kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka suna yin katifu aji daban-daban, kuma nauyin soso ya fi kaurinsa muhimmanci, saboda haka a ɗaga a ji, a kuma nemi takardar garanti.

Sai maganar leda. Mutanenmu suna son barin ledar da katifa ta zo da ita, wai don kada ta yi datti. A zafin Bauchi na watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke kusantar digiri 40, ledar nan tana tara gumi, tana ƙara a duk juyi, tana kuma sa zanin gado zamewa. A cire ta, a bar katifar ta sha iska kwana biyu warin sabon soso ya fita, sannan a shimfiɗa zanin auduga. Idan dattijon yana da matsalar riƙe fitsari, akwai rigar katifa mai hana ruwa shiga wadda samanta yadi ne.

Gadon kansa ba ya bukatar ado. A nemi busasshen katako mai ƙarfi irin na maɗaci, a sa katakan da katifa za ta hau kusa da juna, a goge kusurwoyi masu kaifi, a kuma yi masa allon kai mai ƙwari wanda za a iya jingina ko a dafa. Gadon da ake sayowa na hannu sai an bincika ramukansa saboda kuɗin cizo. Matashin kai ya cike tsakanin kunne da kafaɗa ga mai kwana ta gefe, wani ƙarami kuma a tsakanin gwiwoyi yana rage ciwon ƙugu. Mai fama da ƙwannafi cikin dare a ɗaga masa ƙafafun gado na wajen kai da inci 6 zuwa 8. Amma wanda numfashinsa ke sarƙewa idan ya kwanta miƙe, har sai ya tara matasai uku, asibiti yake bukata, ba kafinta ba.

Abin da ya rage shi ne hanyar da ke tsakanin gado da ƙofa. A kwashe akwatuna da kwanuka da wayoyin lantarki daga kanta, a naɗe darduma bayan salla domin tana zamewa a kan tayil. A ajiye ƙaramin tebur mai ƙarfi a inda hannu zai kai, a ɗora fitila mai caji da ruwan sha da tabarau da carbi. Gidan sauro a ɗaure shi yadda bakinsa ba zai ja ƙasa ya harɗe ƙafa ba, labule mai kauri kuma yana tare ƙura da sanyin hunturu. Kujera mai hannu biyu a gefe tana taimakawa wajen sa takalmi, da kuma salla a zaune ga wanda tsayuwa ke yi wa wuya.

Jiki yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya saba da sabuwar katifa, don haka kada a gaggauta kyautar da tsohuwar katifar. A riƙa juya sabuwar, kai ya koma ƙafa, duk bayan wata uku, kuma idan an ga ta fara kwari bayan shekara 7 ko 8 a sake ɗaukar awo, domin gwiwar da aka auna a wancan lokaci ba lallai ta zama tana ɗaukar tsawon nan ba.