Yadda Na Gyara Birkin Gaban Tsohon Babur Ɗina

Babur ɗina ƙirar Honda CG125 ne, irin wanda aka fara ƙerawa a 1975, kuma daga hannun mahaifina na gaje shi. A hunturun bana birkin gabansa ya daina kamawa, har wata rana a kan titin Ahmadu Bello na matse hannun birki ya taɓa kan babur, amma taya na ci gaba da juyawa.

Wani bakanike ya ce in mayar da shi birki mai faifai, sai dai wannan yana buƙatar sauya ƙafafun gaba da tayar baki ɗaya, kuɗin ya fi ƙarfina, kuma ba na son a ɓata wa babur ɗin kamanninsa na asali.

Da na kwance tayar, na tarar ƙurar Sakkwato ta haɗu da tsohon giris ta yi kauri a cikin kwanon birkin, takalman birkin kuma, wato abubuwan da ke matse kwanon daga ciki su tsayar da tayar, sun yi sulɓi kamar madubi. Na goge kwanon da samfefa, na sayo sababbin takalma, na shafa musu alli na juya tayar domin in ga inda suke taɓawa, sannan na riƙa kankare wurare masu tudu har allin ya goge ko'ina. A ganina wannan matakin ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne ya ɗauke ni yini guda.

Wayar birkin ta saki, na sauya ta, na ɗiga giris kaɗan a sandar da ke buɗa takalman. Yanzu yatsu biyu sun isa su tsayar da shi.